Bikin Argungu da Kasuwannin Zamanin Da na Ƙasar Sifaniya

Laccar da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai a Birnin Kebbi



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu wannan dama, ko da yake akwai waɗanda suka fi mu sani da shekaru a cikin ɗakin nan. Abin da muke so mu yi magana a kansa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda kowa a nan ya san shi. Amma muna roƙon ku yi mana haƙuri mu fara da wata ƙasa mai nisa, watau Sifaniya, domin akwai wata al'ada da garuruwanta suka ɗauka wadda za ta taimaka mana mu ga namu da kyau. Wani lokaci sai mutum ya leƙa gidan maƙwabci kana ya gane inda katangarsa ta tsage.

Al'adar ita ce ta kasuwannin zamanin da. Turawa suna kiran shekarun da ke tsakanin 500 da 1500 da sunan tsakiyar zamani, lokacin birane masu ganuwa da mayaƙa masu sulke. To, a garuruwa da yawa na Sifaniya, sau ɗaya a shekara, akan rufe titunan tsohon gari na kwana biyu ko uku, a hana mota shiga, a rataya tutoci, a kafa rumfunan itace da zane. Masu sayarwa su sa tufafin mutanen da, maƙeri ya kafa uwar maƙera a bakin titi yana ƙira, masaƙi ya kafa masaƙarsa, a kawo shaho da mujiya ana nuna wa yara, mahaya su yi karo da masu a kan dawaki. A birnin Avila, wanda ganuwarsa ta dutse take tsaye har yau, ana yin haka a farkon watan Satumba, kuma ana raba kasuwar kashi uku: ta Kirista, ta Musulmi da ta Yahudawa, domin tunawa da zamanin da al'ummun uku suka zauna a gari ɗaya. A ƙauyen Hita, wanda mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, an fara irin wannan biki tun 1961, bisa jagorancin wani malamin adabi mai suna Manuel Criado de Val. A garin Ribadavia kuwa, wanda ya zo biki sai ya canja kuɗinsa na yau da wani kuɗi na kwaikwayo mai suna marabedi kafin ya sayi abu.

Me ya sa suke wannan wahala? Dalilin shi ne kasuwannin gaske na wancan zamani sun mutu tuntuni. Alal misali, garin Medina del Campo yana da babbar kasuwa a ƙarni na 15 da na 16, wadda take ci sau biyu a shekara, a watan Mayu da na Oktoba. Fatake daga ƙasashen Turai suna zuwa cinikin gashin tumaki da tufafi, ana kuma biyan manyan basussuka da takardu. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare wannan kasuwa ta durƙushe. Daga baya injuna suka kashe sana'o'in hannu, samari suka bar ƙauyuka suka tafi Madrid da Barsalona. Abin da ya rage wa ƙananan garuruwa shi ne ganuwa da tsofaffin gidaje. Sai suka ga hanyar da za su jawo baƙi su cika masaukai da gidajen abinci ita ce su sa wa tsohon garin tufafinsa na da, ko da na kwana uku ne.

In an duba da kyau, waɗannan bukukuwa iri biyu ne. Iri na farko shi ne wanda mutanen gari suke yi da kansu a kan labarin garinsu. Misalinsa shi ne na birnin Teruel, wanda aka fara a 1997 ana kuma yinsa a watan Fabrairu. Garin yana da tsohon labari na wani saurayi talaka da aka ba shi shekara biyar ya je ya nemo dukiya, ya dawo ya tarar an aurar da yarinyar da yake so, baƙin ciki ya kashe shi, ita ma ta mutu a wurin jana'izarsa. Mutanen garin su ne suke fitowa a wasan, su ne suke haɗa ƙungiyoyi su kafa tantuna, su tanadi tufafinsu. Iri na biyu kuwa shi ne wanda hukumar gari take ba wani kamfani kwangila. Kamfanin ya zo da manyan motoci, ya sauke rumfuna da makaɗa da masu wasa, in an gama ya kwashe ya nufi gari na gaba. Saboda haka kasuwar da ka gani a wannan gari ita ce za ka gani a wancan mako mai zuwa. Har akan sayar da gasasshen dankalin Turawa a kasuwar da aka ce ta shekarar 1200 ce, alhali dankalin bai isa Turai ba sai bayan 1492, da jiragen Sifaniya suka isa Amurka. Su kansu mutanen ƙasar suna kukan wannan. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kada a ɗauka wannan ƙasa ba ruwanmu da ita. Ita ce Andalus ta littattafan malamanmu, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Magajin garin da yake sa hannu a kwangilar kasuwa, da harshensu alkalde ake ce masa, kuma asalin kalmar ɗaya ne da alƙali namu. Kuɗin marabedi da muka ambata sunansa ya fito daga Murabiɗun, waɗanda suka taso daga Sahara suka mallaki Andalus. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, wanda ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Zamfara a ƙarni na 16, haifaffen Garnaɗa ne. Haka kuma Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko da ta karya Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, a Sifaniya aka haife shi. Ashe dai tun da can akwai hanya tsakaninmu da su.

Yanzu mu dawo gida. A lokacin da kasuwar Medina del Campo take kan ganiyarta, a nan ƙasar Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, wajen shekarar 1516, bayan saɓani a kan ganimar yaƙin Agadas. Ya kafa daular Kabi, ya gina Surame da ganuwar da aka yi da duwatsu, wadda kufanta yake nan a cikin Jihar Sakkwato ta yau. A farkon ƙarni na 18 sarautar ta koma Birnin Kebbi, wannan gari da muke zaune a cikinsa. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka yi ta fafutuka har suka kafu a Argungu, kuma daga 1849, zamanin Yakubu Nabame, suka sake tsayawa da ƙafarsu. Daga nan aka yi ta yaƙi tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Kakanninmu suna ɓangarorin biyu, domin a cikin ɗakin nan akwai jikokin Kabawa akwai jikokin mutanen Gwandu, ga mu kuma a kan benci ɗaya.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya babban su domin girmama baƙo. Daga wannan rana ake ƙirga bikin da muka sani. Muna so a lura da wannan sosai. A Sifaniya akwai wani biki da ake yi a garin Alcoy a watan Afrilu, inda mutanen gari suke rabuwa biyu, wasu su yi shigar Musulmi wasu ta Kirista, a kwaikwayi yaƙi, kuma kowace shekara Kirista ne suke ƙwace ganuwa a ƙarshe. Su nasarar wani ɓangare suke tunawa. Namu bikin sulhu yake tunawa, ranar da abokan gaba na kusan shekara ɗari suka tsaya a bakin ruwa ɗaya suna kallon masunta. A wannan zamani da ƙasarmu ta Arewa take fama da rashin zaman lafiya, wannan shi ne mafi tsadar abin da ke cikin bikin, kuma shi ne abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba.

Akwai bambanci na biyu. Masuncin da ya faɗa Matan Fada da homarsa da gorarsa ba tufafin wasa ya sa ba. Da wannan homar yake ci da iyalinsa. Sarkin Ruwa da Homa sarautu ne masu aiki: su suke kula da ruwa, su suke riƙe da dokar da ta hana su a wannan yanki sai lokacinsa ya yi, kuma wannan hani shi ne yake ba kifi damar girma. Tun kafin 1934 Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa, waɗanda suke tafiya da lokutan shekara. Wasannin kabanci, watau tseren kwalekwale da nutso da iyo da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, horo ne na mutanen da suke rayuwa a kan ruwa. Abin da mutanen Avila suke biyan kuɗi su kwaikwaya, mu muna da shi da ransa. Saboda haka ne shugabanni irin su Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta a 1970, saboda haka ne kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

To, ina abin tsoro yake? Abin da ke da rai yana iya mutuwa. Bayan bikin 2009 sai aka yi shiru har watan Maris na 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, aka kuma kama kifi mai nauyin kilo 78. Bayan wannan ma aka sake yin wasu shekaru ba a yi ba. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne: rashin tsaro, ƙarancin ruwa, da kuɗi. Yaron da yake ɗan shekara goma a 2009 ya zama magidanci kafin ya sake ganin biki. Batun ruwa kuwa ya daɗe. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, kuma tun daga nan yawan ruwan da ke isowa fadamun Kabi ya dogara ga abin da aka saki daga can sama. Yashi yana cike gulbi, noman rani na shinkafa yana jan nasa kaso da injunan ban ruwa. Ba mu ƙi shinkafa ba, da ita aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Amma giwan ruwa ba ya girma a kududdufi. A 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa kifin da ya kawo ba a wurin gasar aka kama shi ba. Mutane sun yi ta dariya, mu kuwa muna ganin abin ishara ne. Ranar da ya zama tilas a kawo kifi daga wani wuri a zuba kafin baƙi su iso, ranar bikinmu ya zama kasuwar kamfanin haya.

Wasu daga cikinmu muna sakandare lokacin bikin 2020, muka yi karo-karo muka shiga mota daga nan. Mun ga abin da ba za mu manta ba, lokacin da aka ba da alama dubban masunta suka ruga cikin ruwa gaba ɗaya har ƙasa tana girgiza. Amma da muka zaga wajen rumfuna, mafi yawan abin da muka gani bokitan roba ne da tabarau da rigunan da aka buga wa hoton kifi, irin waɗanda za a samu a kowace tasha. Can baya, inda ƙura ta fi yawa, muka tarar da wani dattijo yana gyaran homa. Muka gaishe shi muka durƙusa. Ya nuna mana yadda ake lanƙwasa itacen bakin homa, da yadda ake zaɓen gora tun tana yaɗo. Muka ce, “Baba, yaranka sun iya?” Ya ce babban yana acaba, ƙaramin yana makaranta. A tsawon zamanmu babu baƙo ko ɗaya da ya iso wurinsa, domin babu wanda ya nuna musu hanya. A Sifaniya irin wannan dattijo a tsakiyar kasuwa za a zaunar da shi, a kuma biya shi.

Saboda haka akwai abin da za mu koya daga wurinsu, ko da yake mun fi su asali. Muna da shawarwari huɗu, kuma mun kawo su gabanku ne domin mafi yawan mutanen ɗakin nan gobe su ne za su riƙe fayiloli a ma'aikatun al'adu da gona da ruwa da kuɗi, wasunku ma sun riga sun fara.

Na farko, a tsayar da lokaci. Mai masauki a Teruel ya san ranakun bikin baɗi tun bana, don haka yana iya cin bashi ya ƙara ɗakuna. Mai masauki a Argungu ko Birnin Kebbi ba ya iya yin haka muddin biki yana jiran sanarwar gwamnati. Ya kamata a raba abu biyu: babban taro na manyan baƙi, wanda yake cin kuɗi mai yawa, da kuma su da kabanci na mutanen gari, wanda masarauta da masunta za su iya yi kowace shekara in ruwa ya samu, ko gwamna ya zo ko bai zo ba. Da haka aka fara tun asali.

Na biyu, a ɗauki ruwa a matsayin kashi na farko na kasafin biki. Kafin a yi maganar rumfar manyan baƙi, a yi maganar yashe Matan Fada, da daidaitawa da hukumar da ke kula da madatsun Rima da Sakkwato a kan lokacin sakin ruwa, da ƙarfafa hannun Sarkin Ruwa wajen hana su da ƙananan taruna da guba. Ɗalibanmu na kimiyya suna iya auna zurfin ruwa da girman kifi kowace shekara su ajiye lissafi, ya zama aikinsu na kammala karatu maimakon su kwafe abin da aka rubuta a kan wani gulbi na wata ƙasa.

Na uku, a ba masu sana'ar hannu na ƙasar nan gaban kasuwa. A keɓe layin farko ga masu saƙar homa da taru, masassaƙan kwalekwale, maƙera, magina tukwane, masu gyartai, dukawa, masu saƙar tabarma, da mata masu bandar kifi da masu sarrafa jar shinkafarmu ta gargajiya. Kada a karɓi kuɗin rumfa daga gare su. Kamfanonin da ke son rataya tallarsu su biya. Sharaɗi ɗaya kawai za a gindaya, kowa ya yi aikinsa a gaban jama'a, ya kuma zo da yaron da yake koya wa. Kada kuma a ba wani ɗan kwangila daga nesa ya kawo mana masu rawa da shigar da babu Bakaben da ya taɓa sa irinta. Wannan shi ne kuskuren da garuruwan Sifaniya da yawa suka yi.

Na huɗu, a haɗa biki da tarihi. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu fadar sarakunan Kabi ce har 1942, an kuma mayar da ita gidan tarihi a 1958, akwai makamai da tambura da kayan sarauta a ciki. Kufan Surame yana cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Gwandu, inda kabarin Malam Abdullahi yake, ba ta da nisa. Baƙon da ya zo kallon kifi na awa ɗaya ya kamata a riƙe shi kwana uku. Wa zai raka shi ya yi masa bayani? Mu ne. Ƙungiyarmu tana iya horar da ɗalibai su zama 'yan rakiya masu bayani da Hausa da Turanci da Faransanci, domin maƙwabtanmu na Dosso da Gaya suna zuwa. Har wa yau, kowane ɗalibi yana da waya a aljihu. A lokacin hutu mu zauna da tsofaffin masunta mu ɗauki maganarsu: sunayen kifaye, sunayen gurabe, kirarin masu ruwa, dokokin su. Mun san akwai abubuwa a cikin al'adun da na gyaran ruwa waɗanda aka bari saboda sun saɓa wa addini, kuma ba mu ce a dawo da su ba. Amma rubuta abin da kakanni suka yi daban ne da aikata shi, kuma malamanmu na jihadi da kansu sun rubuta al'adun da suka tarar.

'Yan'uwa, wani zai ce ƙasa tana cikin yunwa da fargaba, mu kuwa muna maganar biki. Amsarmu ita ce biki nan abinci ne ga mai kwalekwale da mai tuwo da direba da mai masauki, kuma shaida ce a gaban duniya cewa ana iya taruwa lafiya a ƙasarmu. Mutanen Sifaniya sai da kasuwanninsu suka mutu shekaru ɗaruruwa kana suka waiwaye su, suka koma binciken tsofaffin takardu da zane-zane domin su san irin rigar da za su ɗinka. Mu dattijon da ya san amsa yana nan da ransa, tafiyar kimanin awa guda daga inda muke zaune. Muna ba da shawara kafin a tashi daga taron nan a rubuta sunayen waɗanda suka yarda su je Argungu a hutu mai zuwa da littafi da biro, sakataren ƙungiya kuma ya rubuta wa fadar Mai Martaba Sarkin Kabi takardar neman izini.

 Inda muka yi kuskure, malamanmu su gyara mana. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.